Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanonin Samo Ma'aikata: Muna Tsaye Tun Fitowar Rana

Zuwa ga shugabanni da jami'an kamfanonin da ke samo wa ma'aikatu ma'aikata a Najeriya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Akwai wata mararraba da nake bi kullum in zan tafi makarantar da nake koyarwa. Kafin ƙarfe bakwai za ka tarar sun jeru a bakin kwalbati. Wani ya jingina da shebur, wani ya saɓa diga, wani ya kife kwanon ɗaukar kankare ya zauna a kai yana shan koko a leda. Da a-kori-kura ta rage gudu sai su yi mata caa. Mai motar ba ya ko fitowa. Gilashi yake saukewa, ya miƙo yatsa: "Kai, kai, da kai mai jar hula." Uku su haye baya, sauran su koma mazauninsu. In na dawo bayan la'asar nakan tarar da waɗanda ba a nuna ba suna nan, inuwa kawai suka bi ta tsallaka da su ɗaya gefen titi. Akwai wani dattijo a cikinsu da muke gaisawa. Ran nan na ce masa, "Baba, yau ma shiru?" Ya ce, "Malam, mu dai muna nan. Ba wanda ya ɗauke mu."

Ranku ya daɗe, sana'arku da ta mai a-kori-kurar nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ku kuna da ofis mai sanyi da kwamfuta, shi yana da yatsa, amma aikin dai shi ne a dubi taro a nuna wasu a bar wasu. Na rubuto muku ne don ɗan yayata yana tsaye a taku mararrabar shekara ta biyu ke nan, kuma don amsar da dattijon ya ba ni ta zo daidai da wadda ke cikin wata waƙar addini da aka rubuta a Ingila fiye da shekara 600 da suka wuce, wadda nake karantar da ɗalibai.

Kafin in kai ga waƙar, bari in faɗi abin da na gani da idona, kada ku ce malamin adabi ya shiga gonar da ba tasa ba. Wata tsohuwar ɗalibata tana aiki a ɗaya daga cikin kamfanoninku a Abuja. Na roƙe ta ta nuna mini yadda ake yi, ta zaunar da ni gefen teburinta wuni guda.

Wata ma'aikatar ce ke zuwa da buƙata, banki ko kamfanin waya ko ƙungiyar agaji, suna son akanta ko injiniya. Su ne ke biyan ku la'ada, yawanci wani kaso na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka, kuma sau da yawa ba ku ganin ko sisi sai in naku ne ya shiga. Gurbi ɗaya ana iya ba kamfani uku ko huɗu a lokaci guda. Wannan kaɗai ya bayyana mini rabin halinku. Tsere ake yi, wanda ya riga kai sunaye biyar masu kyau shi ya ci kasuwa, mai tsere kuwa ba ya tsayawa leƙa lungu.

Sai ta fara da abin da ke kusa. Ta buɗe rumbun kamfanin, inda sunayen waɗanda suka taɓa biyowa ta hannunsu suke. Daga nan ta shiga LinkedIn, dandalin nan da aka buɗe a 2003, wanda Microsoft ya saya a 2016 a kan dala biliyan 26.2. Ta rubuta sunan muƙami da gari da shekarun ƙwarewa, sunaye suka zubo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne waɗanda ta fi so a cikinsu: masu aiki a hannu, waɗanda ba su nemi komai ba. Ta ce ai su ne kaya masu kyau, tunda wani ya riga ya gwada su ya riƙe. Ta tura wa 'yan kaɗan saƙon lallashi. Sannan ta kira mutum biyu da ta taɓa samar wa aiki, ta ce, "Don Allah ko ka san wani?" Ta jefa sanarwar a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban wata jami'a. Sai can da yamma, bayan ta haɗa sunaye huɗu cikin biyar ɗin da ake so, aka saka tallar a intanet don kowa ya gani.

Tallar nan ita ce ƙofar da ɗan yayata da ire-irensa suka sani, ba su da labarin cewa kafin a buɗe ta an kusa cika ɗakin ta ƙofar baya. Takardun da ke shigowa ta nan ba mutum ne ke fara ganinsu ba, manhaja ce ke tankaɗe da rairaya. Ɗalibar tawa ce ke saita rariyar: shekaru kada su wuce kaza, sakamakon digiri kada ya gaza kaza, mazaunin Abuja ko Legas, a samu waɗannan kalmomi a cikin si-bi, wato takardar tarihin karatu da aikin mai nema. Ta buɗe mini wata talla ta makon da ya wuce, ta danna maɓalli ɗaya, lambar da ke saman allo ta faɗo daga ɗaruruwa zuwa 'yan gomomi. Na ce, "Sauran fa?" Ta ce, "Malam, suna nan a ciki." Suna nan ɗin dai, irin na dattijon bakin kwalbati.

Ban ɗauke ku azzalumai ba, kuma ba zan hana ku abin da yake naku ba. Kafin zuwanku neman aiki a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu, ko mai ɗan katin wani babba a aljihu. Da wasu ɗalibai uku na jami'ar Ife suka kafa Jobberman, shafin tallar guraben aiki a intanet, a 2009, yaron Gashuwa mai waya a hannu ya fara ganin tallar da a da sai wanda ya samu jaridar Legas. Wannan alheri ne. Kuma gaskiya ne ba mai iya karanta takarda dubu da ido a kwana biyu.

Amma rariya hannu ne ke saƙa ta, kuma takan ɗauko halin mai saƙar. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tantance masu neman aiki da ya gina wa kansa. An koya mata aikin ne da takardun shekara goma, yawancinsu na maza, sai ta koyi rage wa takarda maki in ta ga kalmar "mata" a ciki. Ba wanda ya umarce ta, abin da ta tarar ana yi ta ci gaba da shi. A 2021 makarantar kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture suka fitar da rahoto a kan mutanen da suka kira ɓoyayyun ma'aikata, suka ƙiyasta su da miliyan 27 a Amurka kaɗai, masu son aiki da iya shi, waɗanda rariya ke zubarwa, wani lokaci don kawai an ga giɓin fiye da wata shida a tarihin aikinsu. Tun 2004 ma wasu masana tattalin arziki biyu suka wallafa gwajin da suka yi a Bostan da Shikago, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000, wasu da sunayen farar fata, wasu da na baƙar fata, aka fi kiran masu sunan farar fata da kashi 50 cikin 100. A can launi kawai suna yake faɗa. A nan kuwa sunan mutum da jiharsa da unguwarsu sukan faɗi addininsa da yarensa da aljihun ubansa tun kafin a kai layi na uku.

Ɗan yayata ya shiga jami'a yana cikin shekarun da suka dace. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, korona ta ɗiba nata, kwas ɗin shekara huɗu ya koma shida. Ya gama bautar ƙasa yana da 27. Tallar bankunan da kuke sakawa cewa take kada a wuce 26, wasu ma 25. Ban da wannan, ya shekara guda yana jinyar mahaifinsa har Allah ya karɓi abinsa, shekarar nan kuwa a si-bi fili ne fari fat, ba layin da ake rubuta "na kwana a asibiti ina juya ubana". Ya iya lissafi, ya iya kwamfuta, littafin shagon maƙwabcinmu shi ke riƙe da shi ba a taɓa samun giɓin naira ba. Ko sau ɗaya ba a kira shi intabiyu an ce ya faɗi ba. Ba a kira shi ba ne sam.

Waƙar da na ambata sunanta Pearl, wato Lu'ulu'u. An rubuta ta a ƙarshen ƙarni na 14, da wani tsohon Ingilishi wanda Baturen yau ma sai da ƙamus yake gane shi. Mawaƙin bai bar sunansa ba, kuma kwafi ɗaya tak ya tsira, yana ajiye a babban ɗakin karatun Birtaniya a Landan. Layi 1,212 ne, an ƙulla su baiti 101, kowane da layi 12, kalmar ƙarshen wannan tana buɗe na gaba kamar 'ya'yan carbi. Mutum ne ya rasa 'yarsa ƙarama, yana kiran ta lu'ulu'un da ya suɓuce masa ya ɓace a cikin ciyawa. Barci ya ɗauke shi a kan tudun da ta ɓace, ya gan ta a mafarki a ƙetaren wani kogi, sanye da fararen kaya da kambi. Ta ce masa sarauniya ce ita yanzu a Aljanna.

Za ku zaci murna zai yi. Ya yi, amma ba ta daɗe ba lissafi ya taso masa. Ya ce mata: ke da ba ki cika shekara biyu a duniya ba, ba ki iya ko addu'ar farko da ake koya wa yara ba, a ce ranar farko an ba ki sarauniya? Da ƙaramar sarauta ce da sai in ce to. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana wahalar ibada shi kuma me za a ba shi? Daga baya har aya ya jawo mata daga Zabura, cewa Allah yana saka wa kowa gwargwadon aikinsa. Duk shekara in na zo nan sai ɗalibai sun yi dariya, don sun gane muryar. Muryar tallarku ce: ana buƙatar ƙwarewar aƙalla shekara biyu.

Yarinyar ta amsa masa da misalin da ke cikin Linjilar Matta, sura ta 20. Mai gonar inabi ya fita da sassafe neman 'yan ƙwadago, suka yi jinga a kan kwabo ɗaya a wuni. Da hantsi ya koma kasuwa ya iske wasu a tsaye, ya tambaye su dalili. Suka ce tun kafin gari ya waye suka zo, tun fitowar rana suke tsaye, ba wanda ya ce su yi wani abu. Ya tura su gona. Haka ya yi ta komawa yana ɗebo sababbi, har saura awa ɗaya rana ta faɗi, ya tarar da wasu ƙarfafa ba sa komai. Ya sake tambaya, suka ce ba inda aka ɗauke su. Su ma ya tura su. Da yamma aka jera kowa, aka fara biya daga na ƙarshe, kwabo ɗai-ɗai. Na farko suka hau gunaguni, mu da muka sha zafin rana? Mai gona ya ce wa ɗayansu: abokina, ban cuce ka ba, ba kwabo muka yi da kai ba? Ɗauki naka. In na yi kyauta da abin da yake nawa, laifi ne?

Waɗanda suka fara jin waƙar nan ba baƙin wannan kasuwa ba ne. A 1348 annoba ta shiga Ingila ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar. Hannu ya yi ƙaranci, 'yan ƙwadago suka ɗaga farashi, masu gona suka kai kuka fada. Sarki Edward na Uku ya yi doka a 1349, majalisa ta ƙarfafa ta a 1351: lada ya koma yadda yake kafin annoba, mai cire ciyawa kwabo ɗaya a wuni, kuma ɗan ƙwadago ya fito cikin gari da kayan aikinsa a hannu a ɗauke shi a bainar jama'a, ba a ɓoye ba. Dokar ta masu gona ce, don a danne talaka aka yi ta, tana kuma cikin abubuwan da suka hura wutar boren manoma na 1381. Amma ko ita ta ce a yi ɗaukar a fili.

Na san maganar Aljanna waƙar take yi, kuma ban ce ku biya wanda ya yi awa ɗaya daidai da wanda ya wuni ba, ko ku kai wa banki wanda bai iya ƙirga ba. Alƙur'ani da kansa, a bakin 'yar dattijon Madyana, ya ce mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce. Masana sun yi ƙarnoni suna muhawara a kan kwabon, ni ƙafafun mai gonar nake kallo. Linjila ta ƙirga fitarsa sau biyar a wuni ɗaya, da kansa, zuwa inda mutane suke. Bai tsaya a kan waɗanda suka faɗo masa da asuba ba. Da ya ga mutum a tsaye kuma bai yanke masa hukuncin cima-zaune ba, tambaya ya yi. A Linjila sau ɗaya aka yi tambayar, mawaƙin ya sa ta sau biyu, kamar yana tsoron kada mai sauraro ya wuce ta. Amsar ita ce ta juya laifin. Mutanen nan ba makara suka yi ba, masu ɗauka ne suka yi ta wuce su. Manhajarku tana ganin giɓin shekara a si-bi, amma ba ta da bakin da za ta ce "me ya faru?" Ku kuna da shi.

Mu Musulmi ma mun san misalin. Imam Bukhari ya kawo shi a littafin ijara, wato babin ɗaukar ƙwadago, daga Abdullahi ɗan Umar: wani ya ɗauki ma'aikata daga safe zuwa tsakar rana a kan ƙiraɗi ɗaya, wato wani awon kuɗi na da, wasu daga tsakar rana zuwa la'asar a kan ƙiraɗi ɗaya, wasu daga la'asar zuwa faɗuwar rana a kan ƙiraɗi biyu. Na farko suka fusata, suka ce mun fi aiki mun gaza lada. Aka tambaye su: na tauye muku wani abu daga haƙƙinku? Suka ce a'a. Aka ce to wannan falalata ce, ina ba wanda na so.

Ku dubi jerin maganar. Tambayar haƙƙi ce ta fara zuwa, sai da aka ce "a'a" sannan aka yi zancen falala. Na tsaya a kan wannan ne saboda wata kalma da na gaji da ji. In yaro ya nemi aiki bai samu ba, uwarsa takan ce, "Ba rabonka ba ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." A bakinta wannan imani ne, shi ke hana yaron lalacewa. Amma na ji irin kalmar daga bakin masu ɗaukar aiki, har ɗalibata ta faɗa mini ita da na dame ta da tambaya: "Malam, ai komai rabo ne." Wanda ya zauna da hannunsa ya rubuta 26 a akwatin shekaru ba shi da hurumin wannan magana. Ba ƙaddara ce ta rubuta lambar ba. Mai cewa "ina ba wanda na so" shi ne mai taska, ku kuwa dillalai ne, gurbin ba naku ba, kuɗin ba naku ba, amanar mutum biyu ce a hannunku.

Za ku ce ai mai gurbin ne ya ce 26. Haka ne, amma dillalin shanu a kara in mai saye ya ce sai fari, yakan ce masa, "Alhaji, ga wani ja can ya fi ƙiba, je ka taɓa shi." Don wannan ake biyan la'ada. Wanda zai kai abin da aka lissafa masa kawai ba tare da ya buɗe baki ba ɗan aike ne, kuɗin mota ya kamata a ba shi.

Sai maganar kuɗi. Ranar Asabar 15 ga Maris 2014 Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa a faɗin ƙasar nan. Fiye da mutum 500,000 suka nema, gurabe ba su kai 5,000 ba, kowa kuma ya biya naira 1,000 ta hannun kamfanin da aka ba kwangilar karɓar takardu. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, fiye da mutum 15 suka mutu da takardunsu a hannu. A lissafin wannan ɗaukar ba ma'aikaci ake nema ba, mai neman aikin ne hajar. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997, sashenta na 7 ya ce kamfani irin naku kada ya karɓi kuɗi daga mai neman aiki, kai tsaye ko a fakaice. Najeriya ta amince da ita a 2023. Duk da haka ɗan yayata ya biya kuɗin fom, ya biya kuɗin rajista, wani ofis ma ya karɓi kuɗin "gyaran si-bi", daga nan lambar wayarsu ta daina shiga. Na san za ku ce waɗannan 'yan damfara ne, ba su da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. To ku masu lasisi me ya hana ku rubuta lambarsa a kan kowace talla, da layi ɗaya a ƙasa cewa ba ma karɓar ko kwabo daga mai nema? Yaro zai san inda zai sa ƙafa.

Akwai kuma waɗanda kuke ɗauka da sunanku ku ba banki ko masana'anta aro, su zauna kujera ɗaya da ma'aikacin dindindin, su yi aiki ɗaya, albashinsu ya biyo ta hannunku ya iso da rauni, wani watan ma ya makara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka 'yan matan da ejan ke bi gida-gida yana tarawa zuwa aikatau a Saudiyya, a ce albashin watannin farko na biyan bashin tafiya ne. Mai gonar inabi ranar ya biya, kafin kowa ya tafi gida. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa.

Bari in kawo muku wani mawaƙin wanda ya fi kusa da ku, don shi ma ɗan ofis ne. Imam Busiri, mai Burda da ake rerawa a zaurukanmu, ya yi aikin magatakarda a garin Bilbis na Masar a ƙarni na 13. Ya san ofis ciki da bai, har yana da wata doguwar waƙar zambo da ya buɗe da cewa ya bincike rukunin ma'aikata bai ga amintacce ko ɗaya a cikinsu ba. Mutumin nan da ya iya tantance wasu haka, da ya zo ƙarshen Burda sai ya juyo kan kansa. Ya ce yana yabon ne don neman yafiyar zunuban rayuwar da ta ƙare a waƙa da hidimar manya. Ya kuma yi wani fata da ko uban Lu'ulu'u zai ji ya dafe kai, cewa rahamar Ubangijinsa in an zo raba ta, ta zo gwargwadon saɓon kowa. Ya shekara yana riƙe da littafin lissafi, da nasa lissafin ya matso sai ya roƙi kada a bi littafi. Duk wanda ke saita rariya a ofisoshinku yana da nasa giɓin da yake fatan a tambaye shi dalili kafin a yanke.

Abin da nake roƙo bai kai falala ba. Ku riƙa fita karo na biyu da na uku. Kwalejojin kimiyya da fasaha na Kazaure da Damaturu da Birnin Kebbi suna yaye ɗalibai duk shekara, jami'inku ya je can ya zauna kwana ɗaya da takardar gwaji, ba sai Legas da Abuja ba. Mai walda da mai gyaran janareta da malamar asibitin ƙauye ba sa LinkedIn, amma suna sauraren rediyo. A saka tallar a ranar da aka karɓi aikin, kada a bari sai an cika gurbin a yi ta don cika ƙa'ida. A gwada mutum da aikin kansa kafin a dubi ranar haihuwarsa, in zai yiwu a rufe suna da jiha a zagayen farko. Cikin waɗanda rariya ta zubar, wani mai rai ya ɗebi ko ashirin ya karanta da ido, ya ga abin da ake zubarwa. Wanda ba a ɗauka ba kuma a gaya masa. Manhajar da ta iya zubar da mutum ɗari uku da maɓalli ɗaya ta iya tura musu layi biyu da wannan maɓallin. Na ga yadda yaro ke zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara, wata uku bayan an riga an ba wani kujerar.

Ban rubuta sunan ɗan yayata ba da gangan, don ba alfarma nake nema masa ba, kuma in kun ɗauke shi saboda wasiƙar kawunsa kun sake shigo da mutum ta ƙofar baya. Takardarsa tana cikin rumbun da yawa daga cikinku. Watan gobe zai ƙara shekara.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin adabi, Zariya